Lambar QR: Rubutun da waya ke karantawa amma ido ba ya iyawa

Da wuya a yau mutum ya wuni a wani babban birni bai ci karo da ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu, wanda ke cike da baƙaƙe da fararen ɗigogi ba. Ana ganinsa a jikin kwalin magani, da tikitin jirgin ƙasa, da katin gayyatar biki, da kuma kan teburin mai sayar da abinci. Sunansa lambar QR, kuma waɗannan haruffa biyu an tsakuro su ne daga wasu kalmomin Ingilishi masu ma'anar amsa cikin hanzari.

Mutane da dama na kallon lambar tamkar wani hatimi na hukuma, wasu kuma na ɗaukarta wata na'ura ce mai aiki da kanta. Hasali ma ba ko ɗaya. Rubutu ne kawai, kamar wanda ake yi da alƙalami, illa dai an tsara shi ne domin kyamara ta karanta, ba idon ɗan Adam ba. Kowa na iya yinta cikin minti guda ba tare da ya biya ko sisin kwabo ba, kuma daga nan ne amfaninta da haɗarinta duka suka samo asali.

Matsalar da ta haifar da ita

Kafin lambar QR akwai yayarta, wato lambar nan mai siraran layuka a tsaye da ake gani a bayan kwalin sabulu ko gwangwanin madara. An fara amfani da wannan nau'i nata a kanti ne a ranar 26 ga watan Yunin 1974, a garin Troy na jihar Ohio a Amurka, inda aka sayar da fakitin cingam. Layukan kan ɗauki bayani ne ta fuska ɗaya kawai, daga hagu zuwa dama, dalili ke nan da ya sa abin da suke iya riƙewa ba ya wuce haruffa kimanin 20.

Ga mai kanti wannan ya wadatar, tunda lambar kaya kawai yake bukata. To amma a masana'antun ƙera motoci na ƙasar Japan lamarin ya sha bamban. A farkon shekarun 1990 kamfanoni sun koma ƙera nau'o'in kaya iri daban-daban kaɗan-kaɗan, a maimakon iri ɗaya mai yawa, abin da ya sa bayanan da ake bukata a kan kowane akwati suka ƙaru. A kamfanin Denso, mai ƙera kayan motoci, wanda ke cikin rukunin Toyota a lardin Aichi, sai da ta kai ana liƙa lambobi da dama a kan akwati ɗaya, ma'aikaci kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya da na'ura. Aikin na cin lokaci, yana gajiyar da ma'aikata, sannan da zarar baƙin mai ya taɓa layukan sai na'urar ta kasa karanta su. Bugu da ƙari, lambar ba ta iya ɗaukar haruffan kanji da Japanawa ke rubutu da su.

A shekarar 1992 ne aka kai wannan kuka ga wani injiniya mai suna Masahiro Hara, a sashen da daga bisani ya zama kamfanin Denso Wave. Su biyu ne kacal suka soma aikin.

A lokacin wasu kamfanonin Amurka sun riga sun fito da lambobin da ke ɗaukar bayani a tsaye da kuma a kwance, amma abin da suka fi mayar da hankali a kai shi ne yawan bayanin da za a cusa. Shi kuwa Hara saurin karantawa ne ya dame shi. Ya sha bayyana cewa wasan go ne ya ba shi hasken siffar lambar, wato wasan nan da ake yi da baƙaƙe da fararen duwatsu a kan allo mai layuka, wanda ke da ɗan kama da dara.

Babbar matsalar ita ce yadda na'ura za ta gano inda lambar take a tsakiyar sauran rubuce-rubucen da ke jikin takarda. Kafin kyamara ta karanta abu, sai ta san ga inda ya fara, ga inda ya ƙare. Domin warware wannan, Hara da abokin aikinsa sun shafe lokaci suna auna rabon baƙi da fari a jikin mujallu da takardun talla da kwalaye, suna neman tsarin da ya fi ƙarancin bayyana a cikin abin da ake bugawa. Abin da suka samu shi ne 1:1:3:1:1, wato baƙi awo ɗaya, fari ɗaya, baƙi uku, fari ɗaya, baƙi ɗaya.

Wannan shi ne sirrin manyan akwatunan nan uku da ke kusurwoyin kowace lambar QR. Ta duk inda aka ratsa tsakiyar akwatin, ko a tsaye, ko a kwance, ko a karkace, wannan rabo ba ya canzawa. Da na'ura ta ci karo da shi sau uku, ta san ta samu lambar, kuma kusurwa ta huɗu da ba ta da babban akwati ita ke nuna mata ina ne sama, ina ne ƙasa. Shi ya sa ko an riƙe waya a kife lambar kan karantu. An kammala aikin a shekarar 1994.

Abin da ke cikin ɗigogin

Kowane ɗigo, baƙi ko fari, na wakiltar ɗaya ko sifili, wato harshen da na'ura mai ƙwaƙwalwa ke ji. Lambar na da girma hawa 40. Mafi ƙanƙanta na da ɗigo 21 a tsaye da 21 a kwance, kowane hawa na ƙara ɗigo huɗu, har zuwa mafi girma mai ɗigo 177 a kowane gefe. Wannan babbar na iya ɗaukar alƙaluman lissafi 7,089, ko manyan haruffan boko haɗe da alƙaluma 4,296, ko haruffan kanji 1,817. Idan kuwa rubutu ne na yau da kullum mai manya da ƙananan haruffa, gurbi 2,953 ake da shi. Masu rubutu da Hausa sai su lura cewa haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, kowannensu na cin gurbi biyu ne.

Ba dukkan ɗigogin ne ke ɗauke da saƙon ba. Wani kaso nasu na nan ne domin gyaran kuskure, bisa wani lissafi da Irving Reed da Gustave Solomon suka wallafa a Amurka a shekarar 1960, wanda kuma shi ne ke sa faifan CD ya ci gaba da aiki ko da ya ɗan karce. Mai ƙirƙirar lamba na da zaɓi huɗu: a iya maido da kimanin kashi 7 cikin 100 na bayanin idan ya lalace, ko kashi 15, ko 25, ko kuma 30. An yi wannan tanadi ne saboda dattin masana'anta, amma daga baya 'yan kasuwa suka gano cewa za su iya ɗora tambarinsu a tsakiyar lambar ta kuma karantu. Abin da da yawansu ba su sani ba shi ne, na'ura na ɗaukar tambarin ne a matsayin lalacewa. Duk wanda ya ɗora babban tambari ya riga ya cinye rangwamen da aka ajiye wa ruwan sama da ƙura.

Abin lura shi ne babu wani ɓoyayyen abu a wannan tsari. Lambar QR ta yau da kullum ba ta da makulli, ba ta da kalmar sirri, ba ta kuma san wanda ya yi ta ba. Duk wayar da ta kalle ta za ta karanta abin da ke ciki.

Yadda ta bazu

Kamfanin Denso ya yi rajistar mallakar wannan fasaha, amma ya bayyana tun da wuri cewa ba zai nemi kuɗi daga masu amfani da ita ba muddin sun bi ƙa'idojin da aka tsara, ya kuma fitar da ƙa'idojin a fili. Kasuwancinsa ya dogara ne kan sayar da na'urorin karantawa. Ana iya cewa wannan shawara ta fi ita kanta fasahar tasiri wajen yaɗuwar lambar, domin akwai wasu lambobi masu kama da ita da ba su taɓa fita daga rumbunan ajiyar kaya ba. A shekarar 2000 hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta amince da ita.

A Japan, ɓullar cutar haukan shanu a shekarar 2001 ta sa jama'a suka matsa lamba a riƙa nuna musu asalin abincin da suke saya, kuma lambar QR ta dace da wannan aiki. A 2002 aka fara sayar da wayoyin salula masu iya karanta ta a ƙasar. A Turai da Amurka kuwa ta daɗe tana jan ƙafa, saboda sai mutum ya sauke wata manhaja ta musamman kafin ya karanta, kuma galibi abin da zai tarar talla ne marar amfani. Sai a shekarar 2017 kamfanin Apple ya sa kyamarar iPhone ta riƙa gane lambar da kanta.

Inda lambar ta sauya rayuwar jama'a sosai shi ne ƙasar Sin. A can katin banki bai yaɗu tsakanin ƙananan 'yan kasuwa ba, kuma na'urar karɓar kati na da tsada, alhali lambar QR takarda ce kawai da za a manna a bango. Alipay ya fara karɓar biya ta wannan hanya a 2011, WeChat ya shigo harkar biyan kuɗi a 2013, kuma cikin 'yan shekaru masu sayar da kayan miya da direbobin tasi suka rungume ta. Ba a rasa ɗari-ɗari ba, domin a watan Maris na 2014 babban bankin ƙasar ya dakatar da biyan kuɗi ta lambar QR bisa dalilan tsaro, kafin daga bisani a halatta shi tare da kafa dokoki. Indiya ta bi sahu da tsarinta na UPI a 2016, Brazil kuma da Pix a watan Nuwamban 2020.

Annobar korona ce ta ƙarasa aikin a sauran sassan duniya. Gidajen cin abinci sun janye takardun jerin abinci suka manna lamba a tebur, kana daga ranar 1 ga watan Yulin 2021 Tarayyar Turai ta fara aiki da takardar shaidar rigakafi mai ɗauke da lambar QR. Akwai darasi a wannan takarda. Abin da ya sa jami'an kan iyaka suka yarda da ita shi ne sa hannu na lissafi da hukumar lafiya ta ƙasa ta saka a cikin bayanin, wanda wata manhaja ta musamman ke tantancewa. Ita lambar ɗauko saƙon kawai ta yi.

A Afirka ta Yamma, Babban Bankin Najeriya ya saka lambar QR a jikin takardar naira 100 da ya fitar a 2014 domin bikin cika shekara 100 da haɗe arewaci da kudancin ƙasar. Ghana ta ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi na GhQR a 2020, Najeriya kuma ta ƙaddamar da NQR a watan Maris na 2021. To sai dai ko a lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, abin da aka fi gani a kasuwanni shi ne lambar asusu da aka rubuta a jikin kwali, da kuma na'urar POS. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: lambar QR na bukatar babbar waya mai kyamara da intanet, yayin da ƙaramar waya mai maɓallai ke iya tura kuɗi ba tare da su ba. Alhazai kuwa sun san lambar ta wata fuskar, domin tana jikin katin Nusuk da hukumomin Saudiyya suka wajabta wa mahajjata ratayawa tun daga aikin hajjin 2024.

Yadda ake ƙirƙirar ta

Yin lambar ba ya bukatar gwaninta. Manhajar Chrome na iya mayar da adireshin duk shafin da aka buɗe ya zama lambar QR, wayoyin Android na iya yin haka da bayanan shiga Wi-Fi, WhatsApp na bai wa kowa lambarsa, kana bankuna na fitar wa 'yan kasuwa ta karɓar kuɗi. Akwai kuma ɗimbin shafukan intanet da ke yin ta kyauta. Mutum ya rubuta abin da yake so, ko adireshin shafi, ko lambar waya, ko gajeren saƙo, sai zanen ya fito.

A nan ne ake bukatar natsuwa, domin lambar iri biyu ce, kuma ido ba ya bambance su. Ta farko ita ce wadda aka rubuta bayanin kai tsaye a cikinta. Ba ta tsufa, ba a biyan kuɗinta, amma da zarar an buga ba a iya canza ko harafi ɗaya. Ta biyu kuwa gajeren adireshi ne na wani kamfani ke cikinta, kamfanin ne zai tura mai karantawa zuwa inda ake so. Amfaninta shi ne ana iya sauya inda take kai mutum ba tare da sake bugawa ba, ana kuma iya sanin adadin waɗanda suka karanta. Illarta ita ce ta zama haya. Wasu shafukan kan ba da ita kyauta na 'yan kwanaki, bayan mutum ya buga ta a katuna ko allon shago sai su rufe, su ce sai an biya. Mai ƙaramin shago da ke son a samu lambar wayarsa kawai ba shi da wata bukatar wannan nau'i na biyu.

Ko nau'i na farkon ma ransa na hannun adireshin da ke ciki. A shekarar 2015 wani mutum a Jamus ya karanta lambar da ke jikin kwalbar tumatirin kamfanin Heinz, sai ta kai shi wani shafin batsa. Abin da ya faru shi ne gasar da aka yi lambar dominta ta ƙare, kamfanin bai sabunta rajistar adireshin ba, wasu suka saye shi. Kamfanin ya nemi afuwa.

Wajen bugawa, ƙa'idar ita ce a bar farin fili mai faɗin ɗigo huɗu a kewayen lambar, a kuma yi ta da launi mai duhu a kan mai haske. Gwargwadon tsawon saƙo, gwargwadon ƙanƙantar ɗigogin, don haka gajeren adireshi ya fi sauƙin karantuwa a tsohuwar waya. Masu aikin ɗab'i kan ƙiyasta cewa faɗin lambar ya zama kamar kashi ɗaya cikin goma na nisan da za a tsaya a karanta ta. Ya kamata kuma a gwada ta da wayoyi biyu ko uku kafin a buga da yawa, a rubuta a ƙarƙashinta inda za ta kai mutum.

Inda 'yan damfara ke shigowa

Tunda mutum ba ya iya karanta lambar da idonsa, ba shi da hanyar gane ta gaskiya da ta bogi. Hanya mafi sauƙi da ɓata-gari ke bi ita ce su buga tasu su manna a kan ta asali. An sha samun haka a shagunan ƙasar Sin da kuma jikin kekunan haya. A ƙarshen 2021 da farkon 2022 hukumomi a biranen San Antonio da Austin na jihar Texas sun gano lambobin bogi manne a jikin na'urorin biyan kuɗin ajiye mota, waɗanda ke kai direbobi wani shafi da ke karɓe bayanan katinsu na banki. A watan Janairun 2022 hukumar FBI ta fitar da gargaɗi kan lamarin.

Kazalika ana turo lambar a cikin saƙon imel, saboda manhajojin da ke tace saƙonnin damfara sun fi iya gane adireshin da aka rubuta a fili fiye da wanda ke cikin hoto. Akwai kuma dabarar da ta shafi WhatsApp: lambar da ake karantawa domin haɗa asusu da kwamfuta, idan wani ya turo ta da sunan shiga wata ƙungiya ko karɓar tallafi, mutum ya karanta ta ta sashen haɗa na'urori, to ya buɗe wa mai turowar dukkan hirarrakinsa ke nan. A Indiya kuwa an damfari mutane da dama da cewa su karanta lamba, su saka lambarsu ta sirri, wai domin a turo musu kuɗi. Mai karɓar kuɗi ba ya bukatar saka lambar sirri. Wanda kuɗi zai fita daga asusunsa ne ke saka ta.

Karanta lambar kaɗai ba kasafai yake cutarwa ba. Cutar na zuwa ne daga abin da mutum ya yi bayan ya karanta. Galibin wayoyi kan nuna adireshin kafin su buɗe shi, kuma wannan ɗan lokaci shi ne damar da ake da ita ta duba ko sunan shafin daidai yake, ko an sauya wani harafi. Wajen biyan kuɗi, manhajar banki kan nuna sunan mai asusun kafin a tabbatar, sai a tambayi mai shago ko sunansa ne. Shi ma mai shagon ya kamata ya riƙa shafa takardarsa kowace safiya ya ji ko an ɗora wata a kai, kada kuma ya saki kaya don an nuna masa hoton shaidar biya a waya, har sai ya ga kuɗin a asusunsa. A Indiya wannan matsala ce ta haifar da ɗan akwatin nan mai lasifika da ke faɗin adadin kuɗin da ya shigo da babbar murya.

Haka nan bai dace mutum ya saka hoton katin shiga jirginsa ko takardar shaidarsa a Facebook ba tare da rufe lambar ba, domin sunansa da bayanan tafiyarsa na ciki, kuma duk mai waya na iya karanta su.

Shi dai Masahiro Hara da abokan aikinsa sun samu lambar yabo ta zaɓin jama'a daga ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Turai a shekarar 2014. Ƙungiyar GS1, mai kula da lambobin kayan masarufi a duniya, ta sa ƙarshen shekarar 2027 a matsayin lokacin da take son na'urorin kantuna su iya karanta lambobi irin na QR tare da tsohuwar mai layuka, ta yadda lamba ɗaya za ta ɗauki lambar kaya, da ranar lalacewarsa, da kuma rukunin da aka sarrafa shi a ciki.